Shekara Shida Bayan Inna Mai Raɗa wa Atamfa Suna

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna, mai sayar da atamfa a Kakuri. Har yau ban yi kukan kirki ba. Ina fita aiki, ina dawowa Makera, ina cin abinci, shi ke nan.

Inna ba ta iya barin abu babu suna. In sabon kaya ya iso, sai ta warware turmi, ta ƙura masa ido, ta ce wannan Ruwan Romi ne, wancan kuma An Tashi Daga Masaƙa. Kafin ka ankara mata na zuwa tun daga unguwar Television suna nemansa da sunan. Maƙwabciyarta a kasuwa, Mama Nkechi, ta taɓa gaya mata cewa kalmar da Turawa ke faɗa in an sa wa jariri suna a coci, ita suke ara wa jirgin ruwa da duk abin da aka laƙaba wa suna, wai aikin Inna ke nan. Inna ta ce ita ba ta yayyafa ruwa, kallo kawai take yi.

Bayan rasuwarta aka haifa mini 'ya, na sa mata sunan Inna. A gidanmu ba a kiran sunan uwa gatsau, sai an nemi laƙabi. Matata ta kawo Ummi, ta kawo Walida, duk na ce a dakata. Aikin Inna ne, ni ban iya ba. Ana nan ana dakatawa har yarinya ta shiga makaranta. Kowa na kiranta yadda ya ga dama, ni kuwa "ke" nake ce mata.

Da Inna za ta leƙo yau, ba shirun masaƙun da aka rufe ne zai dame ta ba, ba kuma atamfar da ake zaɓa a waya ba. Ni za ta harara.

Kwanan baya na bi ta kasuwa da yarinyar, na ji wata budurwa tana tambayar Ruwan Romi. Ba ta san wadda ta raɗa sunan ba. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a ƙirjina, ban ji komai ba. Mama Nkechi, da furfurarta, ta sunkuya ta tambayi yarinyar sunanta. Yarinyar ta faɗi sunan Inna, sannan ta ƙara da cewa, "Amma Baba bai san shi ba. Bai taɓa faɗa ba."

Abin da ya saura na Inna ke nan. Sunayen da ta raɗa suna bakin mutanen da ba su san ta ba, nata kuma yana gidana, na kasa kira. Allah ya jiƙanta. Na kama hannun jikarta za mu tsallaka titi, na buɗe baki, na ce, "Ke, kula da mota."