Ɗan Azumi a Bakin Rijiya

Shekara talatin Ɗan Azumi yana haƙar rijiya a ƙauyukan Korgom, goma daga ciki da ƙaba a matsematsinsa. Kafin ya kama igiya sai ya kwanta rigingine, ya mayar da kumburin ciki da tafin hannu, ya ɗaure tamau da tsohon rawani, ya sauka. Ko matarsa ba ta taɓa jin ya yi nishi ba.

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki, rijiyar garinsu ta koma ba da laka. A makon nan kumburin ya fi ƙarfin rawani. Taubashinsa Abdurrahamane, mai raƙuma, ya ɗora shi a amalanke sai likitar Tasawa. Aka yi masa allurar kashe zafi, aka yi aikin ƙabar, shi kuwa idonsa biyu, da la'asar aka sallame shi.

"Baba," in ji lokotoron da ya yi masa aikin, "kwana arba'in ko tulu kada ka ɗauka. Ɗinkin nan in ya ɓalle, kai da rijiya sai kallo."

Dabbobin gari kuwa ba za su kai kwana goma ba.

Washegari ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin rijiyar, ya miƙa wa taubashin nasa diga.

"Ni?" in ji Abdurrahamane. "Bisa raƙumi na girma, ka tura ni rami?"

"To, raƙuman naka su sha shayi."

Haka ya sauka yana mita. Kowane guga na ƙasa aka jawo, Ɗan Azumi zai murza, ya sansana, ya ɗora a harshe.

"Bar gefen yamma, zai rufto maka!"

Rana ta huɗu diga ta ci karo da dutse, Abdurrahamane ya rantse ya gama. Ɗan Azumi ya miƙe a hankali, ya kama igiya. Ya daɗe tsaye da ita a hannu. Sannan ya sake ta, ya koma ya zauna.

"Ƙwanƙwasa ko'ina in ji. Yawwa, nan da ya yi amon fasasshen tulu, nan za ka sara."

Rana ta shida guga ya fito da rairayi mai sanyi. Ɗan Azumi ya dunƙula shi, ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya leƙa ramin.

"Fito, raggo, tun ba ka koyi iyo ba."