Ranar da Aka Ara wa Mijina Numfashi

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da numfashin mijina ya kusa ɗaukewa ba. Bayan samun 'yancin kai ne da kaɗan, muna zaune a Fammar. Shi maƙeri ne, ya daɗe yana fama da fuka. Da ta taso masa a maƙera da hantsi, muka kwantar da shi a ɗaki, muka ja ƙofa, muka banka masa hayaƙin magani. Mu a dole taimako muke yi, ashe ƙara shaƙe bawan Allah muke.

Da abin ya ƙi, yayansa ya roƙi direban motar gyaɗa ya kai mu asibitin Rano. Malamin asibitin, wani siririn mutum marar hayaniya, ya yi masa allura, sannan ya ɗauko wata jakar roba mai marfin da ake kifawa a hanci da baki. Nan fa yayan ya cafke hannunsa. Ya ce ba mai toshe bakin ƙaninsa yana gargara, da me zai yi kalmar shahada? Wallahi ni ma na ga gaskiyarsa.

Malamin ko fuska bai ɓata ba. Ya ce, "Malam, yanzu ko ka laƙƙana masa, ba shi da iskar maimaitawa. Bari in ba shi iskar, kai kuma ka tsaya a kunnensa kana faɗa masa."

Haka aka yi. Malamin na matsa jakar, ƙirjin mijina na ɗagawa, yayan na durƙushe yana ta raɗa masa. Rigar malamin ta jiƙe sharkaf da gumi, yatsunsa suka ƙage, na miƙa masa ruwa ya girgiza kai. Ban taɓa ganin haƙuri irin nasa ba.

Wajen la'asar ƙirjin ya soma tashi da kansa. Da aka ɗaga marfin, mijina ya furta shahadar a hankali, sannan ya nemi ruwa. Yayan, ƙaton mutum, ya fashe da kuka.

Mijina ya rayu har ya ga jikoki. Ni kuwa tun ranar na gane cewa wanda ƙauna ta sa ya tare hanya, ba hankaɗe shi ake yi ba, wurin tsayawa ake ba shi.