Hannun da Nake Wanke Allo da Shi

Tun ina yarinya ake yabon hannuna, kuma ina jin daɗin yabon fiye da yadda ya kamata. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, shi ya koya mana rubutu a zaurensa a Lamorde, Larabci da ajami, kuma ba ya miƙa wa kowa alƙalami sai ya duba farcensa. Duk Juma'a da hantsi muna jeruwa a kan tabarma, kowa ya shimfiɗa yatsunsa goma, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da reza. Wanda aka samu baƙi a ƙarƙashin ƙumbarsa, ranar ba zai taɓa allo ba. Ni ba a taɓa mayar da ni ba. Da wannan hannun na tsufa ina rubuta wa matan unguwa wasiƙa da ajami. In kuma wata tana da tsohon ciki, ko ɗanta ya ƙi barci, in yi mata rubutun sha, in wanke allon da yatsuna a cikin ƙwarya, in miƙa mata ta shanye. Ba wadda ta taɓa leƙa ƙwaryar kafin ta kai baki.

Na faɗi wannan ne don a san abin da na yi a daminar bara waccan ba rashin sani ba ne.

'Yar ƙanena ta dawo daga Yola da sana'ar gyaran farce, ta kama ɗan shago a bayan kasuwa, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da robobi. Wata ranar Talata ta zo gaishe ni, ta riƙe hannuna tana jujjuya shi. Ta ce hoto take so ta ɗauka ta sa a waya don jawo masu zuwa, amma hannuwan ƙawayenta duk wanki da omo sun cinye su.

“Goggo, wallahi naki ya fi na 'yan matan nan duka. Ki ara mini shi na sati biyu.”

Na yi dariya, na tambaye ta alwala fa. Ta ce wannan ba irin jan farcen da na sani ba ne, jel ake ce masa, kuma wanda ya sayar mata ya rantse ruwa yana ratsa shi. Ta ce za ta zaɓa mini mai launin lalle, wanda ya gani zai ɗauka ƙunshi na yi. Ban tambayi ko mai rantsuwar yana da farce ba. Na so in yarda, sai na yarda.

Tun daga ƙofar shagon ya kamata in juya. Wari ne ya tare ni, irin na wurin masu fentin mota, ga hayaƙin janareto yana shigowa ta taga. Wata mata ta tashi daga kujera, na zauna a ɗuminta. A kan tawul ɗin da za a ɗora hannuna akwai wani farin gari. Na ɗauka hoda ce, ashe garin farcen mutane ne. Yarinyar ta hure shi da baki, ya tashi ya sauka a mayafina. Ta ɗauki abin gogewar da ta gama yi wa waccan matar aiki da shi, mai kaushi kamar samfefa, ta share shi a cinyarta, ta hau kankare bayan farcena har ya daina ƙyalli. Ta tura fatar gindin farcen da wani ɗan ƙarfe. Sannan ta shafa abin, ta tura hannuna cikin wani akwati mai shuɗin haske. Zafi ya soke ni a farce kamar na taɓa murfin tukunya. Ta ce in daure, gasuwa yake yi. Sau uku ana shafawa ana gasawa.

Amma da na fito rana na duba, sai na manta da garin da warin. Ja ne mai duhu, sumul, yana sheƙi. A cikin keke har gida hannuna yana kan gwiwata inda kowa zai gani. A wani suna da muka je Gella mata suka yi ta kama yatsuna suna tambayar wa ta yi mini wannan lalle. Shekaruna sun haura sittin, ina murmushi kamar amarya.

Kwana huɗu da yin sa Allah Ya nuna mini, na kau da kai. Ina rubuta wa wata tsohuwa wasiƙa, tawada ta ɗiga daga alƙalami a kan farcen babban yatsana. Na san tawadata, ni nake dafa ta da ƙaro. In ta taɓa farce, ko mai lalle ne, sai ta kama, sai an cuɗa. Wannan ɗigon kuwa ya dunƙule ya gangara kamar a kan tangaran, bai bar ko tabo ba. Tawada ruwa ce. Na karanta a gaban mahaifina cewa ko busasshen ƙullu ne ya rage a farce, alwala ba ta yi ba. Na dubi farcen, na dubi takardar, na ce a raina wataƙila ruwan buta ya fi tawada laushi. Na ci gaba da rubutu.

Lalle yana tafiya da kansa. Wannan ba ya tafiya. Sati uku ya wuce, sabon farce ya fito fari a gindi, na babban yatsan dama kuma ya ɗaga a gefe. In na tuƙa tuwo, ko na wanke kifi, ina jin ruwa yana shiga wurin yana kwanciya. Na koma shagon don a cire. Na tarar da 'yan matan amarya sun cika benci. Yarinyar ta ce cirewa tana cin lokaci, bari ta gyara mini kawai. Ta danne wurin da ya ɗaga, ta malala wani jel ɗin a kai, ta gasa. Ya koma kamar sabo.

A makon ne matar telan da ke jikin katangarmu ta fara zuwa. Yarinya ce 'yar Digil, mai kunya, cikinta na fari ya shiga wata tara, tsoro ya hana ta sukuni. Na ce ta riƙa zuwa kullum da safe har kwana bakwai. Nakan rubuta tun bayan asuba, in jingine allon ya sha iska, in ta zo in wanke a gabanta. Da babban yatsa ake cuɗa rubutu, duk mai wanke allo ya sani.

A kwanakin nan na fara jin wani wari. Ba mai ƙarfi ba, ɗan tsami-tsami, kamar tsumman wanke-wanke da ya kwana a jiƙe. Na zargi ƙwaryar, na sake wata. Na zargi rariyar tsakar gida, na sa aka zuba toka. In na kai loma baki sai in ji shi, in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji shi. Ko sau ɗaya ban sunsuna yatsana ba, don na san abin da zan ji.

Ranar ta shida, rana ta fito sosai bayan ruwan daren, muna zaune a gindin mangwaro. Ina cuɗa layin ƙarshe, gefen farcen ya maƙale a bakin allo. Na ji ɗas. Rabin jel ɗin ya ɓalle ya faɗa cikin ƙwarya, yana yawo a kan baƙin ruwan kamar ɓawon gyaɗa. Na dubi yatsana. Abin da ke ƙasa ba farce ba ne irin wanda na sani. Kore ne, kore mai duhu har da baƙi-baƙi, irin gansakukar da ke kama duwatsun rafi, ya yi laushi, da wani danshi mai yauƙi a kai. Warin ya taso gaba ɗaya.

Ita matar telan ba ta gani ba. Kanta yana ƙasa, ta riga ta miƙo hannu biyu.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in tsame ɓallen da ɗan yatsa in miƙa mata. Ruwan baƙi ne, ba abin da zai nuna. Gobe kwana bakwai ya cika, in je a cire a asirce. Na daɗe riƙe da ƙwaryar har ta ɗago ta dube ni. Sai na tashi, na zagaya bayan mangwaron inda ƙafa ba ta takawa, na tona rami, na tsame ƙazantar na yar, na zuba ruwan rubutun na rufe. Na dawo na zauna, na ajiye yatsan a gabanta.

Ta dube shi. Ta dubi ƙwaryar. Na ga lokacin da lissafin ya shiga kanta.

“Malama, kwana biyar fa ina sha.”

Ba ta kai bakin rariya ba aman ya zo. Na tashi zan riƙe mata goshi, ta janye kanta daga hannuna. Wannan janyewar har yau ina jin ta.

Na ja ta muka tafi gidan wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, Kirista ce 'yar Michika, a layin bayanmu take. Ta fara duba mai cikin, ta tambaye ta zazzaɓi ko ciwon mara, ta ce ba ta ga abin tsoro ba amma ta faɗa wa masu awo in ta je. Sannan ta sa tabarau ta kama yatsana da auduga, ba da hannunta ba. Ita kowa “kai” take ce masa.

“Malama, kai da kanka? Ka tara ruwan kifi da ruwan tuwo, ka sa masa murfi, ka gasa. Me kana so ya fito, turare?”

Ta ce a cire sauran tara a ranar, kuma ban da ɓamɓara, don yana tafiya da fatar farcen. Ta yanke inda ya rabu da nama, ta wanke da magani, ta ce in bar shi a buɗe, duk alwala in tsane shi sarai, in ya kumbura ko ya yi ruwa in tafi asibiti. Koren kuwa ba ya wankuwa, sai dai farce ya tura shi waje, wata shida ko fiye.

'Yar ƙanena ta zo gida da kayanta. Ta jiƙa auduga da wani ruwa mai hawa kai, ta ɗora a kowane farce, ta naɗe da takardar alminiyam, na zauna da yatsu kamar an ƙunsa nama za a gasa. Da ta kankare, faratan suka fito farare, sirara kamar ɓawon albasa, duk zane-zane, ko ruwan ɗumi suka taɓa sai zogi. Biyu daga ciki sun fara ɗaukar kore a gefe. Ta amsa da bakinta cewa an koya mata ba a rufe wanda ya ɗaga, ranar dai mutane ne suka yi mata yawa. Ban yi mata faɗa ba sosai, don na san wadda ta fi ta laifi. Na dai ɗauki ɓallen da ya fi girma, na ɗora a kan takarda, na ɗiga masa ruwan buta, muka zauna muna kallo. Da na ɗaga, takardar a bushe take ƙayau. Na ce duk mai salla da ta zauna a kujerarta, ta nuna mata wannan kafin ta buɗe kwalba.

Sallolin kwanakin nan duka na rama su, ina yi ina sa alama da ajami a bangon wani tsohon littafi. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma na san ƙofarsa. Ta maƙwabciyata ce ban san inda take ba. Ba ta dawo ba. Mijinta ya samo mata rubutu a wani wuri. Ta sauka lafiya, namiji, na gode wa Allah har da hawaye. Ranar suna na je, aka kawo mana tuwo a kwano ɗaya da wasu mata, na ga ɗaya ta saci kallon yatsana ta ce ita ta ƙoshi. Na nemi cokali. Allona ya yi wata da watanni a jingine, gizo-gizo ya yi saƙa a bayansa.

Duk Juma'a da hantsi ina yanke abin da ya fito, in binne. Koren yana hawa a hankali, kamar ba ya so. Sai bayan an gama girbin dawa na yanke na ƙarshensa.

Bayan nan da kamar sati biyu matar telan ta yi sallama, da yaron a goye, yana fitar da haƙori yana ta rigima. Muka gaisa, ta zauna a bakin tabarma, ta yi maganar tsadar gawayi, ta yi maganar sanyin hunturu. Idonta yana kan hannuna. Sai na shimfiɗa yatsuna goma a kan tabarmar, yadda muke yi a zauren mahaifina. Ba ta ji kunya ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga babban yatsan, ta juya shi, ta kai shi kusa da hancinta.

“To, Malama, a rubuta masa. Amma ni zan wanke allon.”

Na ɗauko allon na kakkaɓe yanar. Na rubuta, na jingine ya bushe, na miƙa mata tare da ƙwarya. Ta wanke hannunta da sabulu har sau biyu, sannan ta cuɗa. Labari ya bi unguwa, kuma tun daga ranar duk wadda ta zo, ita ke wanke nata. Ni ina zaune gefe, hannuna a kan cinya, ina nuna mata inda ta bar harafi.