Kaumi Direba da Keken Sakatare

Kaumi mutumin Kanya Babba ne, Babarbare, kuma tun shekarar samun 'yancin kai yake riƙe da sitiyari. A manyan motocin gyaɗa ya koyi tuƙi, daga nan hukuma ta ɗauke shi aiki a Kazaure, ta ba shi kaki da Landiroba mai ruwan toka. A wancan zamani direban hukuma ba ƙaramin mutum ba ne. In ya tsaya a kasuwar Babura, ta taga mahauta ke miƙo masa tsire. Abu guda Allah ya hana shi: bai iya keke ba. Ya taɓa gwadawa yana saurayi, ya afka rumfar mai tukwane, ya rantse shi da keke sai kallo.

Bayan an gama shan romon kuɗin mai, sai gwamnati ta shiga wa'azin tsimi. Umarni ya zo daga sama cewa in tafiyar cikin gari ce, ma'aikaci ya ajiye mota ya hau keke. Sakataren ƙaramar hukuma, Malam Sama'ilu, ɗan gari ne, matashi mai ɗokin aiki. Ya ce shi zai fara.

"To ni fa, ranka ya daɗe?" in ji Kaumi.

"Kai ma za a ba ka naka, Baba Kaumi. Ka koma masinja."

Masinja, kuma a kan keke! Ran nan tuwo bai ciwu ba. Matarsa Dela ta ce, "Malam, ka hau a tsakar gida in riƙe maka ta baya. Ba mai gani sai kaji."

"Dela, ki kiyaye ni."

Yana kwance sai ya tuna wani abu. Mai mota in ya zo wuce dattawa, ɗaga hannu kawai yake yi. Mai keke kuwa dole ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Da la'asar Kaumi ya bi majalisun gari ɗaya bayan ɗaya.

"Albishirinku! Gobe ɗanku zai wuce a kan keke musamman don ya gaishe ku. Ya ce mota ta raba shi da iyayensa."

Da safe Sakatare ya tattare babbar riga, ya ɗaure ƙafar wando, ya hau. Bai yi nisa ba ya tarar da Baba Daudu wanzami, wanda ya yi masa kaciya, zaune bakin hanya da abokansa. Ya sauka ya durƙusa.

"Sama'ilu, yau kai ne a ƙasa? Madalla. Zauna mu ji labarin rijiyar da aka ce za a gina mana."

Yana kuɓuta sai ga Adda Rahamatu mai nono, ƙawar mahaifiyarsa.

"Ɗan nan, korar ka aka yi? Kada ka ɓoye mini. Ungo fura, ka rame."

Ya sha, don ba a ƙin furar uwa. Gaba kaɗan ga liman, ga sarkin pawa, kowa da gaisuwarsa, kowa da kokensa. Ladan na kiran azahar Sakatare ya isa ofis, da kaza ɗaure a kan keken. Baƙin da suka zo daga Gwiwa tun hantsi sun gaji sun tafi.

Kashegari abin ya fi haka, don labari ya kai har Roni cewa yanzu ana kama Sakatare da hannu. Ya sauya hanya ta bayan gari, ya tarar tsofaffin sun riga shi can da tabarminsu. Ran nan ya kira Kaumi, gwiwoyinsa duk sun yi kanta.

"Baba Kaumi, umarni ba ya karyuwa. Ni kuwa na kusa karyewa."

Kaumi ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, keken nan ma ai dukiyar gwamnati ne. Bai kamata a bar shi yana shan wahala haka ba."

Tun daga ranar, kullum safiya Kaumi zai ɗaure keken a saman Landiroba, Sakatare ya shige ciki yana ɗaga wa dattawa hannu. In sun zo gindin kukar da ke kusa da ofis, a sauke keken, Sakatare ya hau ya shiga ƙofa da martabarsa, mota na biye da shi a giya ɗaya. Mutanen gari suka laƙaba wa Kaumi suna Direban Keke, shi kuwa ya amsa da hannu biyu.

Da kakinsa na direba ya yi ritaya. Ranar sallama aka ba shi keken kyauta, tayoyinsa kamar sababbi. Ya jingine shi a zaure a Kanya Babba, Dela na ɗaure akuya a jikinsa.