Inna Karimatou da Dankalin da Ba A Dakawa

Shekara da shekaru, da an fito sallar asuba za ka tarar da Inna Karimatou a bakin ƙofarta a Zongo, roba cike da dankalin turawa tsakanin ƙafafunta, tana feraya. Kafin hantsi ta dafa shi, ta tsiyaye ruwan, ta bar shi a tukunya ya sha iska. Sai ta murƙushe shi da bayan ludayi, ta zuba madara mai ɗumi, ta haɗa da kabeji da ganyen albasa da ta yanka ƙanana ta soya sama-sama. Ta raba a ƙananan kwanuka, ta lotsa tsakiyar kowanne da cokali, ta sa man shanu a ramin. Kwanukan nan na tsofaffi ne da majinyata, waɗanda tuwo ya fi ƙarfinsu.

Ta koyi girkin a gidan wata baturiya 'yar ƙasar Ireland da ta yi wa aikin kuku shekara tara a unguwar Ganhi. A can, rakiyar nama kawai yake yi. Da baturiyar ta koma gida, Inna ta taho da shi Zongo, mu kuwa muka yi ta tsiya, muna kiransa tuwon Madam. Abinci ba miya, ba yaji? Ta ƙyale mu da bakinmu.

Ciwon Alhaji Mahamoud ne ya sa muka yi shiru. Tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana hanyar Kwatano zuwa Yamai. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, haɗiya ta zame masa aiki, kunu ya gundure shi, yana ta ramewa. Likita ya ce in bai fara cin abin kirki ba kafin Juma'a, za a sa masa tiyon abinci ta hanci. Alhaji ya ce gara a kai shi kushewa.

'Yarsa Labiba ta tuna da tuwon Madam, ta ce ai ba wani abu ba ne. Ta dafa dankali, ta zuba a turmi, ta kirɓa shi kamar sakwara, domin a wurinmu duk abin da ake so ya yi laushi taɓarya ce maganinsa. Ya fito yana danƙo kamar ƙaro. Loma ɗaya ta maƙale wa Alhaji, ya yi ta tari har idonsa ya kaɗa. Daga nan ya juya fuska bango.

Ranar Laraba Labiba ta zo wurin Inna tana kuka.

"Inna, na kusa kashe Baba da hannuna."

"Daka shi kika yi, ko?"

"Eh, Inna."

"Share hawayenki, ɗiyata. Ni ma haka na fara yi wa Madam, ta zubar. Dankalin nan ba doya ba ne, ba ya son duka. Tashi mu je."

Da shirinta ta shiga gidan, don ta san taurin kan mutumin tun suna da ƙuruciya. Ta yi girkin a tsakar gida, ta yanka ganyen har ya kusa ɓacewa, ta zauna gefen katifarsa da kwano.

"Alhaji, ni ban zo lallashi ba. Ɗanɗana ka gaya mini ko gishiri ya ji."

Can ya juyo. Ta tsoma cokali a man da ya narke, ta kai masa baki, ya wuce sumul.

"Bai ji ba," in ji shi, da harshensa mai nauyi.

Ta barbaɗa kaɗan, ya sake ɗanɗanawa. A haka ya ci cokali bakwai, Labiba tana bayan labule ta toshe baki da gyale.

Wannan watan Inna ta ajiye ludayi, wuyan hannunta ya gaji. Labiba da mata biyu sun karɓi tukunyar.

Inna Karimatou, ke ce kika ɗauki abin da muka raina kika riƙe iyayenmu da shi. Uwar marasa haƙori, mun yi miki dariya, kin rama da ciyarwa, kuma muna jin kunyar hakan. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Duk mai wani ɗan sani a hannunsa, komai ƙanƙantarsa, ya leƙa gidan maƙwabci ya ga wa yake buƙata.

Alhaji Mahamoud yana nan da ransa, tiyo bai taɓa shiga hancinsa ba. Shi ne ma ya aiko a rubuta wannan.