Akuyar Bafade a Motar Ilu

Daga Fumban

Ana kiran assalatu na kama hanyar tasha. Ni Bahaushe ne haifaffen Fumban ta ƙasar Kamaru, na kuma koyi rubutun Bamun, wanda wani sarkin garin ya ƙago tun zamanin kakanni. Dattawan da ke tattara tsofaffin takardun fada ne suka aike ni Riyad wurin Baba Musa, tsohon direba, jikan wani magatakardan sarki. Ya aiko cewa idonsa ya raunana, a zo a karɓi takardun kakansa tun yana da rai.

Motar Yawunde ta yi faci sau biyu. Jirgi ya ajiye mu Adis Ababa, inda sanyi ya sa na yafa dardumar sallata.

Gubaira

Ilu, wani direba ɗan Maradi da ke ɗaki ɗaya da Baba, shi ya ɗauko ni daga filin jirgin Riyad zuwa unguwarsu ta Gubaira. Sai da na cinye tiren kabsa, shinkafa da kaza, sannan Baba ya jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Na jera takardun, na ga tarihin sarauta ya yanke a tsakiya.

"Baba, akwai shafin da babu."

Ilu ya shiga tari. Da Baba ya matsa masa, ya ce shafin yana motarsa. Ya ɗauka laya ce.

"Wallahi Baba, tun da na sa ta, kyamarar hanya ba ta taɓa rubuta mini tara ba."

Ya kawo, na karanta musu: akuyar wani bafade ce ta shiga gonar sarki ta ci masara.

"An kama ta?" in ji Ilu.

"An kama ta, amma sarki ya yafe."

"To, ka ji. Ta keta doka, an yafe mata. Kuma ku ce ba laya ba ce?"

Da ƙyar ya yarda ya ba ni shafin, a yi masa hotonsa a wani shago a unguwar Malaz. Mai shagon ya yi ta juya takardar, ya rasa ina sama ina ƙasa.

Filin jirgi

Ranar komowa wani jami'i ya buɗe gwangwanin, fuskarsa ta canja. A can ba a wasa da zargin sihiri, kuma da an ƙwace takardun, babu irinsu a duniya. Ya ce in karanta in fassara. Na fara da guntun Larabcina, sai sunan akuya ya ɓace mini. Na duba hagu, na duba dama, na yi kukan akuya. Ya kira abokin aikinsa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka rufe mini gwangwanin da hannunsu, har da ba ni ruwan sha.

Gida

Dattawa suka taru a zaure. Mafi tsufansu ya sa tabarau yana bin layi da yatsa, da ya kai sunan bafaden sai ya tsaya.

"Kakana ne," in ji shi. "Mu a gidanmu cewa aka yi sarki ya kira shi fada don ya karrama shi."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Musa. Dattijon nan kuwa har yau yana roƙona in rage murya idan na iso wannan shafi.