Maɓallin da Ke Haɗiye Murya

Warin dalma ne ke fara dawo mini. A gidanmu na Ƙofar Sauri, bayan isha'i, Kawu Sani kan tura ƙarfen liƙi cikin garwashin kurfotin Inna, kakata, ya haɗa wayar batir ta tsohuwar rakodarta. Kaset ɗaya take saurare, wanda Malam, kakanmu, ya aiko daga Makka kafin ya rasu a can.

Rubutun maɓallan duk ya goge, Inna kuma ba ta gani sosai. Kullum ina tsoron wani ya danna maɓallin ɗaukar magana, muryar Malam ta tafi.

Wani dare ta kasa zama. Ta gyara wuta, ta tashi, ta koma, sannan ta ba mu labarin wata mata mai tuluna biyu iri ɗaya. Ɗaya yana ajiye muryar mijinta, ɗayan yana haɗiye duk abin da ya ji. Matar ta ce ai ta san kayanta, ba sai ta yi musu alama ba. Ran nan cikin duhu ta buɗe wanda bai kamata ba.

"Sai me ya faru, Inna?"

"Ke dai kin cika ci da zuci, ƙawata. Ɗauko almakashi."

Kawu ya cire batir tukuna. Ya sa na goge maɓallan da tsumma har maiƙon ya fita, don takarda ba ta kama datti. Na yanka 'yan takardu daidai faɗin kowanne, na zana kunne a na saurare, na shafa jan farce a na ɗauka, na rufe su da salatif.

"Wannan kunne ne ko ƙosai?" in ji Kawu.

Inna ta yi ta shafa su da yatsa, ba ta ƙarasa labarin ba. Na daɗe ina jin haushin haka, kamar yadda nake jin haushin kashe kaset ɗin da take yi kullum a wuri ɗaya.

Bayan rasuwarta, ina jami'a, na bar shi ya wuce wurin. Muryar Malam ta yanke a tsakiyar gaisuwa. Sai ƙarar maɓalli, sai muryar Inna, kusa ƙwarai, tana cewa, "Malam, yi magana mana. Me ya sa ka yi shiru?"